Shaidar Bawan Alƙali

A can ƙasar Hindu, tun zamanin da sarakuna ke auna ƙarfinsu da yawan giwaye, an yi wani birni mai ƙofa tara ana ce masa Tarapura. Yau ko kufansa ba a sani ba. Amma a lokacinsa yana da sarki mai suna Somaketu, yana kuma da alƙali wanda sunansa ya fi na sarkin nisa. Gomita ke nan, Alƙalin Alƙalai. Shekara arba'in yana yanke hukunci, ba a taɓa jin ya karɓi ko ayaba ɗaya daga hannun mai ƙara ba. Dokar magabata kuwa a kansa take, baiti-baiti, har mutane kan ce in gobara ta cinye littattafan duka, a zaunar da Gomita kwana bakwai za a sake rubuta su. Ta wannan wajen ba ni da abin cewa a kansa. Laifinsa guda ɗaya ne, kuma shi ya ci birnin.

Shekara goma ke nan da idanunsa suka mutu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu suna aure a garuruwa masu nisa. Wanda ya rage masa shi ne bawansa Nilaka, dattijo kamarsa, gajere mai faɗin kafaɗa. A kan kafaɗar nan Gomita ke ɗora hannu ya tafi fada, ya tafi wanka bakin kogi, ya dawo gida. Nilaka ke gaya masa wane ne ya shigo, wane ne ya sunkuyar da kai sa'ad da yake rantsuwa. Da yawan zama a bayan alƙali, shi ma ya haddace doka har ya fi wasu almajiran shari'ar, sai dai ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Asalinsa mutumin Mandagiri ne, wata ƙasa ta gabas mai duhun daji, inda ake kama giwaye ana horar da su. Shekara ashirin da biyu da suka wuce Tarapura ta ci Mandagiri da yaƙi, aka kama Nilaka a fagen fama, da aka zo rabon ganima ya faɗo hannun Gomita. Dokar ƙasar ta kasa bayi kashi goma sha biyar. Akwai wanda aka haifa a gida, akwai wanda aka saya, akwai wanda yunwa ta kai shi ƙofar wani, akwai kamun yaƙi irin Nilaka, da sauransu, kowanne da hanyar fitarsa. Abu ɗaya ya haɗa su duka: bawa ba shi da baki a gaban shari'a. Ko kisan kai aka yi a kan idonsa, maganarsa iska ce.

In ubangida ya so 'yanta bawansa, yadda ake yi ba wuya. Bawan zai ɗauko tulun ruwa a kafaɗa, ubangidan ya sauke shi da hannunsa ya fasa a ƙasa. Ya yayyafa masa ruwa mai shinkafa da furanni a ka, ya ce sau uku, “Kai ba bawa ba ne.” Sannan ya juya shi ya fuskanci gabas, ya sallame shi. Sau nawa Gomita ya ce wa Nilaka, “Bari damina ta wuce, zan fasa maka tulu.” Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, tulun na nan ana ɗebo ruwa da shi. Ba mugunta ba ce. Mandagiri gabas take, shi kuwa Gomita ya san in ya juya Nilaka ya fuskanci gabas, ba abin da zai hana shi miƙewa gida.

Ana nan sai labari ya zo cewa Sarkin Ushira ya taso daga arewa da runduna mai yawa, ya nufo mashigin kogi da ke tafiyar rabin yini daga Tarapura. Sarki Somaketu ya aika manzanni wajen duk sarakunan da ke ƙarƙashinsa, kowa ya kawo gudunmawa. Wasu suka aiko da maharba, wasu da hatsi, wasu da uzuri. Sarkin Mandagiri kuwa, ɗan wanda aka ci da yaƙi tun farko, ya aiko jakadansa da giwaye arba'in da mahayansu, kowace an shafe mata goshi da jan alli.

Duk birni ya fito kallo da hantsi. Giwayen sun jeru a ƙofar fada ke nan, sai mai kula da babban ɗakin bauta ya busa ƙahonsa na katantanwar teku, kamar yadda yake yi kullum, dogon busa sau uku. Busa na uku bai gama sauka ba giwayen nan arba'in suka juya gaba ɗaya, suka ba fada baya, suna kaɗa kunnuwa. Mahayansu suka yi ta fama da su da ƙugiya kafin su natsu. Sarki ya dubi Sarkin Taurari, shi kuwa ba a taɓa kama shi babu amsa ba. Ya ɗaga hannu ya ce, “Albishir, ranka ya daɗe! Haka Ushira za ta juya maka baya ranar gamo.” Aka ɗauki guɗa da tafi. Gomita bai ga komai ba, amma ya ji kafaɗar da ke ƙarƙashin hannunsa ta sandare kamar itace.

Sai da suka koma gida, ya zaunar da maigidansa a inuwar mangwaro, sannan Nilaka ya yi magana.

“Maigida, giwayen nan ba gudunmawa ba ce.”

“Mece ce?”

“Horo ne. A ƙasarmu ana ware wasu tun suna ƙanana, a koya musu in sun ji dogon busa sau uku su juya su tattake duk abin da ke bayansu. Shekara bakwai ana yi kafin ya zauna. Ni da hannuna na hori shida kafin a kamo ni. Yau mahayan ne suka riƙe su. Ranar yaƙi ba za su riƙe ba.”

Gomita ya ce, “Ƙasarku ce. Me ya sa kake gaya mini?”

“Shekara ashirin da biyu ina cin shinkafar garin nan,” in ji Nilaka. “Waɗanda za su tsaya bayan giwayen na san su. Ɗan maginin tukwane na cikinsu, da mijin mai kawo mana madara. A gabana aka haifi rabinsu.”

Kashegari majalisa ta cika. Sarki na kan karaga ƙarƙashin farar laima, Waziri a damansa, Sarkin Yaƙi Wiraka a hagunsa, sannan Sarkin Giwaye, Sarkin Ƙofa, Sarkin Taurari, Magatakarda da sauran masu sarauta, kowa a mazauninsa. Nilaka ya kai maigidansa wurin zamansa ya tsuguna a baya. Ba wanda ya dube shi, don a fada ana lissafa shi ne tare da sandar alƙali.

Gomita ya nemi izini, aka ba shi. Ya ce, “Ranka ya daɗe, Zakin Tarapura, mai ƙofa tara, inuwar talakawa. Na zo da magana mai ɗaci, ina roƙo a haɗiye ta yau, kada a zo haɗiyar wadda ta fi ta gobe. Giwayen Mandagiri ba a aiko su don su taimake mu ba. An hore su su juya kanmu in sun ji ƙaho. Abin da aka gani jiya a ƙofar fada ba ishara ba ce daga sama, aikin hannun mutum ne. Kada a sa su gaban runduna.”

Zauren ya ruɗe da surutu. Sarkin Taurari ya murtuke fuska, don an taɓa masa sana'a. Sarkin Giwaye ya ce shi shekara talatin yana cikin giwaye bai taɓa jin wannan horo ba, bai kuwa lura ba cewa hakan ba hujja ba ce. Waziri ya ce mayar da kyautar sarki zagi ne, kuma ba wannan ne lokacin ƙara maƙiyi a gabas ba alhali wani na tafe daga arewa. Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, “Alƙali, wa ya shaida maka wannan?”

“Bawana, ranka ya daɗe. Mutumin ƙasar ne, kuma aikinsa ke nan kafin a kama shi.”

A nan Wiraka ya miƙe. Dogon mutum ne mai tabon sara a haɓa, ba ya yawan magana a majalisa. Ya yi gaisuwa, sannan ya juya wajen Gomita, muryarsa a kwance.

“Alƙalin Alƙalai, shekara goma sha biyu ke nan na durƙusa gabanka a wannan zauren. An soke ƙanena a bakin rijiya. Baiwa guda ta ga wanda ya soke shi, ta san sunansa, ta san gidansa. Na roƙe ka ka ji ta. Ka ce mini doka ba ta san fuskar kowa ba, bakin bawa ba ya shaida. Mutumin nan har yau yana cikin birnin nan, ina haɗuwa da shi a kasuwa, yana gaishe ni. Ban zare takobi ba. Na haɗiye, saboda kai ka ce doka ce. To yau dokar ta sake ne, don bawan naka ne? In za a ji bawa yau a kan sarki guda da giwaye arba'in, sai a fara tono baiwar nan daga inda aka kai ta, a ji ta tukuna.”

Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Gomita kansa ya sunkuyar da kai ya ce, “Dokar ba ta sake ba.”

Waziri mutum ne mai son a rabu lafiya kowa ya tafi cin abinci. Ya yi murmushi ya ce, “Ranka ya daɗe, ai abin bai kai haka ba. Tulu ɗaya ne tsakaninmu da jin maganar nan. Alƙali ya 'yanta bawansa yanzu a nan, mutumin ya tashi ya yi rantsuwa a matsayin ɗa, mu yi masa tambayoyi. In gaskiya ce mun tsira, in ƙarya ce doka ta san yadda take yi da ɗa mai shaidar zur. Sarkin Yaƙi, ka yarda da wannan?”

“Na yarda,” in ji Wiraka. “In ɗa ne zan ji shi.”

Sarki ya ce, “A kawo tulu.”

Kaico. Da Gomita ya yi shiru kawai, da an kawo tulun an fasa, da labarin nan ya zama wani. Amma a ɗan lokacin da dogari ya ɗauka ya kai ƙofa, tsohon ya hango gidansa ba Nilaka. Ya hango kansa yana lalube bango da safe, wani baƙon bawa na jansa kamar akuya, ba wanda zai raɗa masa cewa mai rantsuwa ya sunkuyar da kai. Sai zuciyarsa ta kawo masa wata shawara mai daɗin ji: ina ka sani ko duk zancen giwayen nan dabara ce ta neman tulu? Ya kama wannan shawara da hannu biyu, don ita ce ke ba shi abin da yake so.

Ya ce, “A dakata. Ranka ya daɗe, doka ta faɗi hanyar fitar kowane bawa. Wanda yunwa ta kawo yana fita da shanu biyu. Kamun yaƙi kuwa ba ya fita sai ya kawo wani a madadinsa, wanda ya kai shi iya aiki. Nilaka kamun yaƙi ne, kuma bai kawo kowa ba. Ba zan karya doka a zauren da nake tsaron ta ba.”

Baitin da ya jawo gaskiya ne, haka yake. Cikin masu sarautar nan ba mai ilimin da zai ja da shi. Dogari ya dawo ya tsaya wurinsa. Wiraka ya yi wata 'yar dariya mara daɗi ya zauna. Sarki ya numfasa ya ce, “To, babu shaida ke nan. Giwayen Mandagiri za su shiga gaba, Sarkin Yaƙi da 'yan mashi a bayansu. Jibi za a tashi.”

A hanyar gida suka zo matakalar kasuwa. Nan Nilaka ya ce, a hankali, “Maigida, ka tsaya a tsakiyar karatu. Baitin da ke biye ya ce kowane irin bawa ne, in ubangijinsa ya so, ya fasa tulu ba tare da an kawo komai ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Akwai matakala, ɗaga ƙafa.”

Runduna ta fita ranar da aka sa. Nilaka bai sake tayar da zancen ba. Yana kawo ruwa, yana kawo abinci, yana miƙa kafaɗa, amma ya daina ba maigidansa labarin abin da ke wucewa a titi, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo. Gomita ya yi ta gaya wa kansa cewa bai faɗi ƙarya ba. Bai faɗa ba ɗin, amma abinci ya ƙi shiga.

Safiyar ranar da za a gamu da Ushira, yana zaune a ƙofar gida rana ta fara duka masa fuska, sai ya ji wani abu ya ɓace. Ya saurara, ya sake saurarawa. Ashe ƙahon ɗakin bauta ne bai ji ba, abin da bai taɓa fashi ba tun yana yaro. Da mai kula da ɗakin ya zo wucewa, Gomita ya gane takunsa ya kira shi ya tambaya.

“Ai Sarki ne ya hana, Alƙali, tun washegarin majalisa,” in ji mutumin. “Jakadan Mandagiri ne ya roƙa, ya ce ƙarar na tayar wa dabbobinsu hankali. An ce ko a sansani kada kowa ya busa. Kai dai hankalinka ba ya nan kwanan nan, yau kwana uku ke nan.”

Gomita alƙali ne, ya san hujja in ya ji ta. Wanda ya hana kowa busa ƙaho, so yake ya zama shi kaɗai zai busa. Ya ƙwala kira, “Nilaka! Ɗauko tulu, cika shi. Kawo shinkafa, tsinko furen da ke bakin rijiya.”

A tsakar gida aka yi, su biyu kaɗai. Tsohon ya lalubo tulun a kafaɗar Nilaka, ya sauke, ya maka shi da ƙasa, ruwan ya fantsamo musu ƙafafu. Ya yayyafa masa ruwa da shinkafa da furanni. Ya ce, “Kai ba bawa ba ne,” ya sake cewa, ya ce na uku muryarsa na sarƙewa. Ya kama kafaɗunsa ya juya shi wajen da yake jin ɗumin rana, ya sake shi. Ya ji taku na nisa da shi, ɗaya, biyu, har bakwai, ya ce a ransa shi ke nan. Sai takun ya tsaya, ya juyo da sauri.

“Zo mu tafi,” in ji Nilaka. “Ba za su yarda an fasa ba sai sun ji daga bakinka.”

Karusar alƙali ba ta taɓa gudu irin na ran nan ba. Rana ta kusa tsaka suka iso tudun da Sarki ya kafa tutarsa, sama da mashigin kogi. Daga nan ana jin gangunan Ushira a ƙetare. Dogarai suka buɗe hanya don girman Gomita, ya faɗi gaban Sarki ya ce, “Ranka ya daɗe, na ɓoye rabin doka a majalisarka. Na fasa tulu yau da safe. Ga ɗa, a ji shi.”

Nilaka ya tsaya a tsaye gaban Sarki, shinkafa na nan maƙale a furfurarsa. Ya ce, “Ni Nilaka ɗan Bodaka, mutumin Mandagiri, na rantse da ruwa da wuta. Giwayen nan za su juya a busa na uku. A ja 'yan mashi dama da hagu yanzu, a bar fili a bayansu, in sun juya su sami iska.” Sarki ya dube shi, ya dubi giwayen da suka riga suka shiga ruwa, da dubban mutanensa cunkushe a bayansu kafaɗa da kafaɗa. Fuskarsa ta sauya. Ya cire zobensa ya ba wani mahayi ya ce, “Maza wajen Sarkin Yaƙi!”

Gomita ya ji dokin ya zabura ya gangara. Yana jin kofatonsa har yanzu sa'ad da ƙaho ya tashi daga ƙetaren kogi, dogo, siriri. Ƙahon ya tsaya. Ya sake tashi. Tsohon ya damƙe hannun Nilaka ya ce, “Ya kai? Manzon ya kai?” Nilaka ya ce, “Ko rabi bai yi ba.” Aka busa na uku.

Abin da ya biyo baya Gomita bai gan shi ba, kuma har ya mutu bai daina jinsa ba. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsa. Kukan giwaye ya haɗu da karyewar masu da garkuwoyi, da wata irin kururuwa ta mutanen da ba su da wurin gudu, don na baya na turo na gaba. Wiraka, aka ce, ya tsaya da mashi a gaban giwar farko yana kiran mutanensa su buɗe, har ta bi ta kansa. Kafin giwayen su gama ratsawa, rundunar Ushira ta haye kogi ta faɗa wa abin da ya saura. Sarki Somaketu ya ƙi gudu. Ya sauka da masu tsaronsa ya tari maƙiya a gindin tudu, nan kibiya ta same shi a wuya. Kafin la'asar farar laima na kwance cikin laka.

Nilaka na da hanya a buɗe, ga daji, ga gabas, ba mai tambayarsa. Ya ɗora makahon a karusa ya mayar da shi gida.

Bayan kwana biyu aka buɗe ƙofofi tara ba tare da an harba kibiya ba. Sarkin Ushira ya kwashi ganima ya koma arewa, Sarkin Mandagiri, wanda suka ƙulla abin tare, ya hau karagar da ƙasarsa ta yi shekara ashirin da biyu tana aiko mata da gaisuwa. Waziri ne ya fara yi masa mubaya'a, Sarkin Taurari kuwa ya tuna cewa tun farko abin da ya gani ke nan. Daga bakin Waziri sabon sarki ya ji cewa wani ɗan ƙasarsa ya tona asirin giwaye a kan tudu, saura ƙiris shirin shekara bakwai ya rushe. Ya sa aka kirawo Gomita da Nilaka zauren majalisa.

Saurayi ne mai sanyin murya, kuma yana so a ce mulkinsa ya fara da shari'a. Ya ce, “Alƙalin Alƙalai, sunanka ya iso mu tun ina yaro. Ba zan taɓa ka ba, kuma hukuncin farko a zamanina daga bakinka nake son ya fito. Wannan mutum ya kai sirrin ƙasarsa wurin maƙiyinta ranar yaƙi. In bawa ne, maganarsa iska ce, ba laifi a kan iska. Zan ɗauke shi cikin ganima in tura shi garken giwaye, ya ci ya sha har ya mutu. In kuwa ɗa ne sa'ad da ya yi maganar, to ɗan Mandagiri ne ya ci amanar Mandagiri, ka kuwa san hukuncinsa yana ƙarƙashin ƙafar giwa. Wanne ne?”

Shekara arba'in Gomita bai yi ƙarya a zauren nan ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, “Bawa ne, ranka ya daɗe. Na fasa tulu, gaskiya ne, amma cikin gaggawa na yi, hankalina a tashe. Sau biyu na faɗi kalmar, ban cika ta uku ba. In ba a cika uku ba 'yanci bai tabbata ba. Ba kowa a wurin sai mu biyu. Bawana ne har yanzu, ka ɗauke shi.”

Sarkin ya gyaɗa kai, da alama hakan ya fi masa sauƙi. Magatakarda ya ɗauki alƙalami.

“Sau uku ya faɗa.”

Kowa ya juya. Nilaka ne, bai tsuguna a baya ba, yana tsaye kusa da maigidansa na dā.

Gomita ya ce masa ƙasa-ƙasa, “Yi shiru, don girman abin da kake bauta wa. Yi shiru ka rayu.”

Nilaka bai rage murya ba. “Sau uku ya faɗa, ranka ya daɗe. Shekara ashirin da biyu ina jiran kalmar nan, ba zan ɓata ƙirga ba. A na ukun muryarsa ta sarƙe, amma ta fito, na ji ta. Ɗa ne ni na hau tudun nan, ɗa ne ni na yi rantsuwa, kuma abin da na faɗa wa Sarki Somaketu ni na faɗa, ba iska ba ce.” Ya juya wajen tsohon, muryarsa ta yi laushi. “Gomita, sau ɗaya ka riƙe ni da doka, ka ga abin da ya fito. Kada ka sake, ko da don alheri ne.”

Tun da suke bai taɓa kiransa da sunansa ba.

Sarkin Mandagiri ya daɗe yana duban su biyun, sannan ya ce, “Alƙali, ga magana biyu. Ka ce biyu, ya ce uku. Zan tambaye ka sau ɗaya, ka amsa mini a matsayin alƙali. Shaidar mutumin nan, ana karɓarta ko ba a karɓa?”

Gomita ya san duk baitocin da zai iya jawowa, sun fi goma, kowanne zai tsare ran Nilaka ya mayar da shi bawa har kabari. Ya ji numfashin mutumin a gefensa, a natse, yana jira kamar yadda ya saba jira. Hawaye suka gangaro daga idanun da suka daɗe ba su ga komai ba.

Ya ce, “Ana karɓa.”